Fom ɗin da Suharto ba zai iya cikewa ba

Daga 1945 zuwa 1998, shekara 53 ke nan, mutum biyu kacal ne suka mulki Indonesiya, kuma kowannensu sunansa kalma ɗaya ce tak: Sukarno, sai Suharto. Na farkon shi ya karanta shelar 'yancin kai a Jakarta ranar 17 ga Agusta 1945, shi ne kuma mai masaukin shugabannin Asiya da Afirka a taron Bandung na 1955. Na biyun ya riƙe ƙasar shekara talatin da ɗoriya. Da a ce yau suna raye, a zaunar da su gaban kwamfuta su nemi biza ko su buɗe asusun banki, da tun a layi na biyu za su maƙale, don fom ba zai bar su su wuce ba sai sun cike gurbin sunan iyali, su kuwa ba su da shi. Abin ya dami 'yan jaridar Turai tun a wancan zamani, har wasunsu suka liƙa wa Sukarno "Ahmad" a gaba don sunan ya zauna daidai a idonsu.

Sana'ata shirya wa maniyyata da 'yan kasuwa takardun tafiya, saboda haka rigimar suna ba a littafi na karanta ta ba, da ita nake wuni. Abin da aikin ya koya mini shi ne, wannan gurbi na sunan iyali da muke ɗauka kamar da shi aka halicci ɗan Adam, al'adar wasu mutane ce da ta samu shiga takardun duniya. Indonesiya, mai mutum miliyan 270 a ƙidayar 2020, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, tana tafiyar da zaɓe da haraji da aikin Hajji ba tare da dokar da ta tilasta wa kowa ya gaji sunan gidansu ba. Ina ganin ita ce a kan daidai, kuma duk lokacin da gwamnatinta ta sa hannu a sunayen mutane, ko dai ta yi ɓarna ko ta rusuna wa fom ɗin wasu.

A wani masauki a Madina na fara ganin abin da idona. Wani abokin sana'a ɗan Indonesiya yana zaune da tarin fasfo na 'yan Umararsa, ya ɗaure su goma-goma da roba, ni ma ina gefe da nawa. Ya buɗe mini ɗaya. A shafin hoto, sunan dattijon kalma ɗaya ce. Ya juya zuwa shafin ƙarin bayani, sai ga sunan ya zama kalma uku, da hatimin hukumar shige da fice a ƙasa: nasa, na mahaifinsa, na kakansa. A wancan lokacin, shekara da shekaru sharaɗin bizar Saudiyya ke nan a wurinsu, sai suna ya kai kalma uku. Da ma'aikacin masaukin ya kira dattijon da sunayen nan uku a jere don ya karɓi makullinsa, bai ko waiwayo ba, yana can yana jan carbi. Sai da jagoransu ya ce "Pak", wato malam, ya haɗa da sunan nan guda ɗaya, sannan ya miƙe. Mutumin ya tsufa da sunansa, an ɗora masa wasu biyu don tafiyar mako biyu, kuma bai san su a matsayin nasa ba.

Masu suna ɗaya galibi Jawawa ne, mutanen tsakiya da gabashin tsibirin Jawa, waɗanda su ne kusan kashi 40 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Duk Bahaushen da ya dubi yadda suke raɗa suna zai ga abin da ya sani. Suna da makon kasuwa na kwana biyar, Legi, Pahing, Pon, Wage da Kliwon, kuma a ƙauye yaro kan ci sunan ranar da aka haife shi: Ponimin, Wagiman, Legiman, kamar dai Ɗanladi da Talatu da Balarabe. Wanda ya tsara taken ƙasar, Wage Rudolf Supratman, ranar Wage ce ta ba shi sunansa na farko. Ana raɗa suna a kwana na biyar, a dafa faten shinkafa kala biyu, fari da ja, a raba wa maƙwabta. In yaro ya cika laulayi, sai tsofaffi su ce sunan ya yi masa nauyi, a sake masa wani. Sukarno da sunan Kusno aka haife shi a 1901, ciwo ne ya sa aka canza. Joko Widodo, wanda ya yi shugabanci daga 2014 zuwa 2024, Mulyono ne sunansa na yanka, shi ma rashin lafiya ce ta raba shi da shi. Mu da muke kiran ɗan wabi Ajuji ko Ayashe don mutuwa ta kau da kai, ba mu da bakin yi musu dariya. Su ma sun yarda suna linzami ne.

Ko wanda yake da kalma biyu ko uku a can, kada ka ɗauka ta ƙarshen sunan gida ce. Susilo Bambang Yudhoyono, shugaban ƙasa daga 2004 zuwa 2014, duka ukun nasa ne, mahaifinsa Sukoco yake. 'Ya'yan Joko Widodo uku ne, Gibran Rakabuming Raka, Kahiyang Ayu da Kaesang Pangarep, babu wanda ya ɗauki Widodo, kuma hakan bai hana Gibran zama mataimakin shugaban ƙasa a 2024 ba. Shugaba Prabowo Subianto da ƙanensa Hashim Djojohadikusumo uba ɗaya suke, ƙanen da sunan uban aka san shi, wan kuwa ba a cika kiransa da shi ba. Mai son jingina da mahaifinsa ƙofa a buɗe take. Megawati ta ƙara Sukarnoputri, wato 'yar Sukarno, kuma sunan ya yi mata aiki a siyasa har ta hau mulki a 2001, amma 'yarta Puan Maharani ba ta ɗauke shi ba. 'Ya'yan Yudhoyono sun mai da sunan babansu na gida, don sun san darajarsa a akwatin zaɓe. Tsohon shugaban ƙasa Abdurrahman Wahid kuwa tsarinmu ya bi sak: shi Abdurrahman, mahaifinsa Wahid Hasyim, kakansa Hasyim Asy'ari wanda ya kafa ƙungiyar Nahdlatul Ulama a 1926. A baki ma ba a cika kiran mutum da sunan ƙarshe ba. Suharto Pak Harto ake ce masa, Megawati Bu Mega, Abdurrahman Wahid kuma Gus Dur.

Ƙetara ruwa kaɗan zuwa Bali, tsibirin mabiya addinin Hindu, sai ka tarar da wani lissafin daban. Ɗan fari Wayan ne ko Putu ko Gede, na biyu Made ko Kadek, na uku Nyoman ko Komang, na huɗu Ketut. In an samu na biyar sai a koma kan Wayan. Namiji a sa masa "I" a gaba, mace "Ni". Tsarin ƙayyade iyali na zamanin Suharto, mai cewa 'ya'ya biyu sun isa, ya sa Nyoman da Ketut suka yi ƙaranci, har gwamnan Bali, Wayan Koster, ya fito a 2019 yana kira ga mutanensa su riƙa haihuwar huɗu kada sunayen su ɓace. Na daɗe ban ji hujjar haihuwa da ta ba ni dariya kamar wannan ba, ko da yake gwamnan da gaske yake yi.

Kada kuma a ce 'yan Indonesiya ba su san sunan zuri'a ba. Batak na arewacin Sumatra sun fi Bature riƙe shi. Kowane Batak yana da marga, sunan dangi da ake gada ta wajen uba: Nasution, Siregar, Lubis, Harahap, Simanjuntak, Panjaitan. Biyu in suka haɗu a baƙon wuri, kafin komai sai sun tambayi marga, don su san wa zai kira wani kawu, wa zai kira wani suruki. Masu marga ɗaya ba sa aure. Da Kahiyang, 'yar Joko Widodo, ta auri Bobby Nasution a 2017, sai da aka yi biki na musamman a Medan aka ba ta margar Siregar, don a al'adarsu amarya ba ta shiga gidan Batak ba dangi a bayanta. Maƙwabtansu Minangkabau ta wajen uwa suke gadon dangi, Koto, Piliang, Chaniago, kuma namiji in ya yi aure sai a ba shi laƙabin girma a daina kiran sunansa na yarinta. Jikokin Larabawan Hadramaut suna nan da Alatas da Shihab da Baswedan. Duk waɗannan katin shaida iri ɗaya suke ɗauka, kuma katin gurbi ɗaya gare shi na suna: rubuta abin da ake kiranka, ko kalma ɗaya ce ko biyar.

Masu ganin wannan a matsayin ci baya su tambayi kansu yadda wasu ƙasashen suka samu nasu sunayen. A Filifin, maƙwabciyar Indonesiya, gwamnan mulkin mallaka na Sifen, Narciso Clavería, shi ya ba da umarni a 1849 aka buga kundin sunaye aka rarraba wa garuruwa, kowane gida ya ɗauki ɗaya, don ƙidaya da karɓar haraji su yi sauƙi. Shi ya sa za ka ga mutumin da bai haɗa jini da Sifaniyawa ba yana amsa sunansu. Holan kanta, wadda ta mallaki Indonesiya, sai a 1811 aka wajabta wa mutanenta rajistar sunan iyali, a ƙarƙashin Napoleon. Turkiyya ta yi tata dokar a 1934. A wurare da yawa, mai karɓar haraji da mai ɗaukar soja ne suka buƙaci abin kafin talaka ya buƙace shi.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, ba zan ɓoye ta ba. In aji ɗaya yana da Wayan takwas, ko gari yana da Slamet ɗari, ta yaya banki zai san wanda ya ci bashi, kotu ta san mai gado, 'yan sanda su san wanda suke nema? Tambaya ce ta gaskiya. Sai dai sunan iyali bai taɓa warware ta ba. Ingila cike take da Smith, Koriya da Kim, ni kuma a teburina na sha haɗa fasfo uku masu Muhammad Sani Abdullahi a jirgi ɗaya. Abin da ke bambance mutum a takarda lamba ce da ranar haihuwa da zanen yatsa. Kowane ɗan Indonesiya yana da lambar shaida mai alƙaluma 16, kuma tun 2011 suka fara katin da ke ɗauke da zanen yatsu. Nasaba kuma ba ta ɓata ba: sunan uba da na uwa suna cikin takardar haihuwa da katin iyali, ranar ɗaurin aure kuwa wane bin wane, wance binti wane ake cewa, kamar yadda Musulunci ya tsara.

Duk da haka, a 2022 ma'aikatar cikin gidan ƙasar ta fitar da doka mai lamba 73 kan rubuta suna a takardun hukuma: kada ya wuce harafi 60, kada a sa lamba ko gajartawa ko ma'ana mara kyau, kuma kada ya gaza kalma biyu. Iyakar 60 ɗin ban ga laifinta ba. Shekara guda kafin nan an yi ta labarin wasu iyaye a Tuban, gabashin Jawa, da suka raɗa wa ɗansu suna mai kalma 19, suka kasa samun takardar haihuwa har suka rubuta wa shugaban ƙasa wasiƙa. Wannan kam ɗora wa yaro kaya ne. Sharaɗin kalma biyun ne ya tsaya mini a rai. Jami'ai sun bayyana cewa shawara ce, wanda ya nace a kan ɗaya za a rubuta masa, kuma dalilin da suka bayar shi ne kada yaro ya sha wahalar fasfo in ya girma. Ba ƙarya suka yi ba. A bizar Amurka, mai suna ɗaya sai a tura sunan gurbin iyali, a gurbin sunansa kuma a buga FNU, haruffan da ke nufin ba a san sunansa na farko ba, har wasu su ƙare ana kiransu da haruffan nan a asibiti da makaranta. A watan Nuwamban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sanar cewa mai kalma ɗaya a fasfo ba zai shiga da bizar ziyara ba, kafin daga baya ta sassauta wa wanda sunan mahaifinsa ke wani shafin. Uban da ya ƙara wa ɗansa kalma don gudun wannan, na fahimce shi, da ni ne ma haka zan yi. Amma a faɗi abin da sunansa: tela ne ya ɗinka riga ta yi kaɗan, aka ce mai rigar ya rage ƙiba. Ƙasa mai wannan yawan jama'a tana da nauyin da za ta ce a gyara manhajar, ta zaɓi ta gyara jariranta.

Abin da ya sa nake ɗar-ɗar da hannun hukuma a kan suna, ko da da sunan shawara ya zo, shi ne abin da ya samu 'yan ƙasar masu asalin Sin. A watan Disamban 1966, bayan rikicin 1965 da kisan gillar da ya biyo baya, sabuwar gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 127 da ta sauƙaƙa musu sauya sunayensu zuwa masu kama da na 'yan ƙasa. A takarda ba dole ba ne. A zahiri, mai neman lasisin kasuwanci ko gurbin jami'a ya san abin da ake so da shi. A 1967 aka ƙara da umarnin hana bukukuwansu a bainar jama'a. Mutane da yawa suka bi layi a ofisoshi suka ajiye sunayen kakanninsu. Wasu suka yi dabara suka ɓoye tsohon a cikin sabon: Tan ya zama Sutanto ko Tanoto, Oei ya zama Wijaya, Liem ya zama Halim ko Salim. Wasu ƙalilan, irin su masanin tattalin arziki Kwik Kian Gie da ɗan wasan badminton Liem Swie King, da sunansu na asali duniya ta san su.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka canza, duk mai karanta wannan rubutu ya taɓa cin abincinsa. Liem Sioe Liong shi ne ya koma Sudono Salim, kuma rukunin kamfanoninsa na Salim ne ya mallaki Indofood, mai Indomie ɗin da mai shayi ke soya mana da ƙwai. Babu ɗan kasuwar da ya kai shi kusanci da Suharto. To, a tarzomar Mayun 1998, lokacin da aka far wa shaguna da gidajen masu asalin Sin a Jakarta, gidansa na cikin waɗanda aka ƙona. Ya koma Singafo, a can ya rasu a 2012. Shekara talatin yana amsa Salim, ranar da abin ya tashi Liem aka gani. Susi Susanti da Alan Budikusuma, waɗanda suka ciyo wa ƙasar zinarenta na farko a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, su ma asalinsu ke nan, kuma a lokacin irinsu sai sun nuna wata takarda ta musamman kafin a yarda 'yan ƙasa ne. Sai a 2000 Shugaba Abdurrahman Wahid ya soke umarnin 1967. Yawancin iyalan ba su koma tsohon suna ba, don shaidar makaranta da takardar fili da komai na ɗauke da sabon.

Mu ma fom ɗin nan ya same mu da namu tsarin. Bahaushe sunansa yake da shi, sai na mahaifinsa, in ana son ƙarin bayani a kawo kaka ko gari ko sana'a ko sarauta. Da makarantar boko ta zo da rajista, yara da yawa garinsu aka rubuta musu. Mahaifin Aminu Kano Malam Yusufu ne, na Shehu Shagari kuma Aliyu, Tafawa Ɓalewa gari ne a Bauchi. Har yau haka muke, kuma babu aibu a ciki. Aibun yana zuwa ne in an ce lallai ɗaya daga cikin kalmomin nan ta zama sunan iyali na dindindin, alhali kowane magatakarda da wadda yake zaɓa. Na ga wata baiwar Allah da kujerar Hajjinta ta kusa kuɓucewa saboda takardar makarantarta na ɗauke da sunan mahaifinta, ta banki da na mijinta, katin ɗan ƙasa kuma da sunan garinsu. Mace ɗaya ce, ba ta yi wa kowa ƙarya ba, kowane ofis ta amsa tambayar da aka yi mata ne. Sai da ta yi rantsuwa a kotu, ta biya kuɗin sanarwa a jarida cewa wance ita ce wance. Ɗaukar sunan miji ma aro ne, mu ba mu gaje shi ba, addini bai ce ba. Nana A'isha har ta koma ga Allah 'yar Abubakar ce. Matar Indonesiya ko ana kiranta da sunan miji a unguwa, a katinta sunan da aka raɗa mata ne, kuma tsohuwar ministar kuɗinsu da ta fi daɗewa a zamanin nan, Sri Mulyani Indrawati, ba ta ɗauki na uba ba balle na miji.

Saboda haka roƙona ga masu tsara takardun hukuma da bankuna da hukumomin jarrabawa a ƙasarmu: tunda muna da lambar NIN mai alƙaluma 11, ku bar ta ta yi aikinta. Ku ba mu gurbi ɗaya na cikakken suna, wani daban na sunan mahaifi, ku daina mai da mutum biyu don an sa Musa gaban Ibrahim a wata takardar. Ku kuma iyaye, kafin a kai ga wannan gyara, ranar da za ku karɓi takardar haihuwa ku zauna ku tsai da suna ɗaya, jeri ɗaya, rubutu ɗaya, Muhammad ne ko Mohammed ko Muhammadu, ku rubuta shi da hannunku ku miƙa wa magatakarda. 'Ya'ya mata kuma a bar musu sunan ubansu ko bayan aure.